Biri: Halittarsa da Zamansa Cikin Garke

Hausawa kan ce, "Biri ya yi kama da mutum." Sukan faɗi haka idan suka ji wata magana da ke da alamar gaskiya. Asalin wannan magana abu ne da ido yake gani. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli biri yana ɓare gyaɗa da yatsunsa, ko birinya tana rungume da ɗanta, zai yarda cewa akwai kama tsakaninsa da ɗan Adam. A wannan darasi za mu duba yadda jikin biri yake, da ire-iren biran da ke ƙasarmu, da yadda suke zaman tare. Za mu ga cewa rayuwar biri ta dogara ne a kan abubuwa biyu: garken da yake ciki da dajin da yake zaune. Idan ya rasa ɗaya daga cikinsu, rayuwarsa takan shiga haɗari.

Dangin biri

Biri yana cikin dabbobi masu shayarwa, wato waɗanda ke haihuwar 'ya'yansu su kuma ba su nono. Namiji shi ne biri, mace birinya, jam'i kuma birai. Masana sun ƙidaya ire-iren birai fiye da 250 a duniya, sun kuma raba su gida biyu. Gida na farko shi ne na biran Afirka da Asiya. Gida na biyu shi ne na biran Amurka ta Tsakiya da Amurka ta Kudu.

Ana iya bambanta gidajen nan biyu ta hanci. Ƙofofin hancin biran Afirka da Asiya suna kusa da juna, suna kallon ƙasa kamar namu. Na biran Amurka kuwa sun yi nesa da juna, suna kallon gefe. Akwai kuma bambanci a wutsiya. Wasu biran Amurka suna iya naɗe reshe da wutsiyarsu su yi lilo, hannuwansu na tsinkar 'ya'yan itace. Babu birin Afirka ko ɗaya da ke iya yin haka. A wurinsa amfanin wutsiya shi ne daidaita jiki lokacin tsalle da tafiya a kan reshe.

Birai sun bambanta ƙwarai wajen girma. Mafi ƙanƙanta yana zaune a kurmin Amazon, nauyinsa bai fi giram 100 da 'yan kai ba, har yana iya zama a tafin hannun mutum. Mafi girma shi ne mandiril na kurmin Gabon da kudancin Kamaru, wanda namijinsa kan wuce kilo 30. Ya kamata kuma a lura cewa masana ba sa sa gorila da cimfanzi cikin jerin birai na ainihi. Su 'yan uwan birai ne na kusa, amma ba su da wutsiya, sun kuma fi birai girman ƙwaƙwalwa. A maganar yau da kullum mutane kan kira su duka "gwaggon biri". A wannan darasi kuwa, idan muka ce gwaggon biri muna nufin babban birin nan mai dogon baki kamar na kare, wanda wasu ke kira bika.

Yadda jikin biri yake

Abu na farko da za a lura da shi a jikin biri shi ne hannu. Yana da yatsu biyar, kuma a yawancin biran Afirka babban yatsa yana iya haɗuwa da sauran yatsu, don haka biri yana iya ɗaukar abu ƙarami kamar ƙwayar dawa. Faratansa masu faɗi ne kamar namu, ba masu tsini irin na kyanwa ba. Ƙafarsa ma tana kama reshe kamar yadda hannu ke yi, shi ya sa hawan itace ba ya yi masa wuya.

Idanun biri suna gaban fuskarsa, ba a gefen kai kamar na akuya ba. Wannan yana taimaka masa ya auna nisan reshe kafin ya yi tsalle, domin kuskure kaɗan na iya jawo masa karaya ko mutuwa. Biran Afirka suna kuma bambance launuka kamar yadda muke yi. Da haka suke gane nunannen ɗan itace daga ɗanye tun daga nesa.

Biran Afirka suna da haƙora 32, daidai da na babban mutum. Sai dai fiƙoƙin namiji dogaye ne masu kaifi, musamman na gwaggon biri. Idan ya wage baki kamar mai hamma a gaban wani namiji, sau da yawa gargaɗi ne yake yi masa. Da yawa daga cikinsu suna da wata 'yar jaka a cikin kowane kunci. Biri kan cika jakunkunan nan da abinci cikin sauri a wurin da ke da haɗari, sannan ya gudu kan itace ya ci a natse. Suna kuma da kanta mai tauri a ɗuwawu, wadda ke ba su damar kwana a zaune a kan reshe ko dutse ba tare da sun ji ciwo ba.

Abincin yawancin birai ya haɗa da 'ya'yan itace, ganye, furanni, iri, ƙwari da ƙwan tsuntsaye. A dajin arewa sukan ci ɓaure, kanya, ɗinya da tsamiya. Gwaggon biri yakan tono saiwa, wani lokaci ma ya kama zomo ko ɗan barewa. Akwai kuma birin da ake kira kolobas, wanda ganye ne babban abincinsa. Tumbinsa ya kasu kashi-kashi, kusan irin na saniya, don ya iya narkar da ganyen da sauran birai ba sa iya dogara da shi.

Biran ƙasarmu

Nijeriya tana da ire-iren birai da dama, saboda tana da daji iri-iri, tun daga fakon arewa har zuwa kurmi da fadamun kudu. Kowane biri jikinsa ya dace da wurin da yake zaune.

A dajin arewa, inda ciyawa ta fi itatuwa yawa, akwai jan biri. Siriri ne mai dogayen ƙafafu, kuma yawancin yininsa a ƙasa yake yi. Da yake itatuwan da zai hau ba su da yawa, gudu ne makaminsa. Yana iya gudun kusan kilomita 55 a cikin awa ɗaya, babu wani biri a duniya da ya kai shi sauri. Yana son ƙwari da ƙaron itatuwa masu ƙaya. Akwai kuma tsula, wanda wasu ke kira kirka. Ƙaramin biri ne mai baƙar fuska da farin layi a goshi, yakan zauna kusa da rafi, ba ya kuma nisa da itatuwa. Na uku shi ne gwaggon biri. Wanda ya ziyarci gandun dajin Yankari a Jihar Bauci zai gan su suna yawo kusa da ruwan ɗumi na Wikki, har sukan fizge abinci daga hannun baƙon da bai yi hattara ba.

A kudu kuwa biran kurmi ne suka fi yawa. Akwai mona, wanda ake gani a wurin kiyaye daji na Lekki a Legas, da kuma cikin garin Awka. Akwai biri mai farin maƙogwaro a gandun dajin Okomu na Jihar Edo. Akwai diril, ɗan uwan mandiril, wanda ba a samun sa a ko'ina sai a Jihar Kuros Riba, da kudu maso yammacin Kamaru, da tsibirin Bioko. A fadamun Jihar Bayelsa akwai wani jan kolobas da masana ba su san da shi ba sai a shekarar 1993. Haka kuma akwai birin Sclater, wanda a duk duniya sai a kudu maso gabashin Nijeriya ake samun sa.

Zaman garke

Da wuya a ga biri yana rayuwa shi kaɗai na dogon lokaci. Birai suna zama ne garke-garke. Garken jan biri yakan ƙunshi mata da 'ya'yansu da babban namiji guda ɗaya a yawancin watannin shekara. Na gwaggon biri kuwa yakan ƙunshi maza da mata masu yawa, wani lokaci adadinsu ya wuce 100. Amfanin garke a fili yake. Idanu masu yawa sun fi saurin hango damisa, kuma tsofaffin garke sun san inda ruwa da abinci suke a lokacin rani.

A yawancin biran Afirka, mace takan zauna a garken da aka haife ta har ta mutu, tare da uwarta da 'yan uwanta mata. Namiji kuwa idan ya balaga sai ya bar gida ya nemi shiga wani garke. Wannan yana hana haihuwa tsakanin dangi na kusa. Ke nan mata su ne ginshiƙin garke. A wurin gwaggon biri kowace mace tana da matsayinta, kuma 'ya takan gaji matsayin uwarta. Wadda ke sama ita ke fara samun wuri mai kyau a gindin itace mai 'ya'ya. Maza kuwa da ƙarfi da dabara suke neman matsayi, shi ya sa nasu yake yawan sauyawa.

Idan rana ta take, za a ga birai sun zauna biyu-biyu, ɗaya yana buɗa gashin ɗaya yana cire masa kaska da datti. Wannan aiki yana tsabtace jiki, yana kuma ƙulla zumunci. Birin da aka yi wa tsinta yau ya fi saurin kawo ɗauki idan faɗa ya tashi. Bayan rigima ma, birai biyu kan koma su zauna kusa da juna don su shirya.

Birinya takan ɗauki ciki na wata biyar zuwa shida, gwargwadon irinta, ta haifi ɗa guda. Tagwaye ba su cika zuwa ba a biran Afirka. Jariri yakan maƙale a cikin uwarsa tun ranar da aka haife shi. Ɗan gwaggon biri ana haifar sa da baƙin gashi, idan ya yi 'yan watanni sai ya koma hawa bayan uwarsa kamar mahayin doki. Ƙuruciyar biri tana da tsawo idan aka kwatanta da ta akuya ko kare, domin abin da zai koya yana da yawa. Ta kallon uwarsa yake sanin abin da ake ci da wanda ba a ci. Ta wasa da tsararrakinsa yake koyon tsalle da kokawa, da sanin wanda zai ba hanya.

Shin birai suna magana?

Wannan tambaya ta daɗe tana jan hankalin masana, ta kuma shafe mu, mu masu koyon harshe. A shekarar 1980 wasu masana uku, Robert Seyfarth da Dorothy Cheney da Peter Marler, suka buga sakamakon binciken da suka yi a dajin Amboseli na ƙasar Kenya. Sun yi aikin ne a kan wani biri ɗan uwan tsula. Wannan biri yana da kuka na musamman ga damisa, da wani ga gaggafa, da wani ga maciji. Masanan suka ɗauki kukan a na'ura, suka ɓoye lasifika a cikin daji, suka kunna a lokacin da babu wani abokin gaba a kusa. Da biran suka ji kukan damisa, sai suka ruga kan itatuwa. Da suka ji na gaggafa, sai suka ɗaga kai sama suka faɗa cikin duhuwa. Da suka ji na maciji, sai suka miƙe a kan ƙafa biyu suna duba ciyawa. An kuma lura cewa ƙananan birai kan yi kuskure, su yi kukan gaggafa don sun ga tsuntsun da ba ya cutarwa, amma kuskuren yana raguwa yayin da suke girma.

An yi wani bincike mai kama da wannan a nan Nijeriya, a gandun dajin Gashaka Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa, wanda shi ne mafi girma a ƙasar. A can akwai wani birin kurmi mai farin tabo a hanci. Namijinsa yana da manyan kuka biyu, ɗaya mai kama da "fiyau", ɗaya mai kama da "hak". A shekarar 2006 Kate Arnold da Klaus Zuberbühler suka nuna cewa idan namijin ya jera "fiyau" kaɗan sannan ya biyo da "hak", saƙon yakan zama wani daban: garke ya tashi a ci gaba da tafiya. Wato ya haɗa sauti biyu ya fitar da sabuwar ma'ana.

Duk da haka, kukan biri bai kai harshen ɗan Adam ba. Sautukansa 'yan kaɗan ne, kuma yawancinsu a kan abin da ke faruwa nan take suke. Biri ba ya ba da labarin jiya, ba ya yin tatsuniya. Amma binciken ya nuna yadda kowane biri ya dogara da kunnuwa da idanun 'yan uwansa don ya tsira.

Biri da ɗan Adam

Manomi yana da nasa ra'ayi game da biri. Garke ɗaya na iya shiga gonar masara ko gyaɗa da sassafe ya lalata aikin watanni, domin biri kan karya fiye da abin da zai ci. Hausawa sun san wannan hali nasa, shi ya sa suke cewa, "Ko biri ya karye ya hau rumbu." Ga iyalin da ke jiran amfanin gona ɗaya don cin shekara, wannan asara ce babba, kuma ba daidai ba ne a raina kukansu. Sai dai yana da kyau a tambayi abin da ke ƙara kawo biri gona. A wurare da yawa an sare itatuwan da yake ci don yin gawayi, katako ko sabuwar gona. Da dajin ya ƙare, sai ya juyo ga abin da ya rage.

Biri kuma yana yi wa daji aikin da ba kowa ke lura da shi ba. Idan ya ci ɗan itace, yakan zubar da irin ko ya kasayar da shi a wani wuri mai nisa, a can sabon itace ya tsiro. Kurmin da aka kashe biransa yakan rasa masu yi masa shuka.

A yau diril da birin Sclater da jan kolobas na Bayelsa suna cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Manyan dalilai su ne sarar daji da farautar nama. Akwai kuma kama 'ya'yan birai don sayarwa ko wasa da su a kasuwa. Mai sayen ɗan biri ya sani cewa da wuya a raba jariri da uwarsa ba tare da an kashe ta ba. Birin da ya tashi ɗaure da igiya ba ya koyon zaman garke, idan ya girma kuma yakan yi cizo. Ban da haka, taɓa namun daji da cin naman da bai dahu ba na iya kawo cuta. Cutar ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Nijeriya a 2017, ta sami sunanta ne don an fara gano ta a jikin biran ɗakin bincike a ƙasar Denmak a 1958. Masana sun fi zargin ɓeraye da kurege da ɗauke da ƙwayar cutar a daji, amma biri ma yana kamuwa da ita, yana kuma iya sa wa mutum.

Akwai misalan da ke nuna cewa mutum da biri na iya zama a ƙasa ɗaya. Mutanen Akpugoeze a Jihar Inugu da na Lagwa a Jihar Imo suna da al'adar da ta hana kashe birin Sclater, saboda haka ya wanzu a garuruwansu alhali ya ɓace a wurare da yawa da ke kewaye da su. A Kalaba kuma, tun 1991 ƙungiyar Pandrillus take karɓar marayun diril tana haɗa su garke-garke, tana kuma kula da wasu a dajin dutsen Afi. Aikin nasu ya tabbatar da abin da muka faɗa tun farko. Kafin a ce an ceci biri, sai an mayar masa da 'yan uwansa, an kuma bar masa dajin da zai zauna.

Ma'anar wasu kalmomi

garke: taron dabbobi iri ɗaya da ke tafiya tare
kurmi: daji mai dogayen itatuwa da duhu
fiƙa: haƙori mai tsini da ke gefen baki
kanta: fatar da ta yi tauri saboda yawan guga
ƙaro: ruwa mai danƙo da ke fita daga jikin itace ya daskare
gaggafa: babban tsuntsu mai kama ƙananan dabbobi
ginshiƙi: abin da ke riƙe da gini, ko wanda aka dogara da shi
ɗauki: taimakon gaggawa

Tambayoyi

1. Kawo bambanci biyu tsakanin biran Afirka da na Amurka.
2. Me ya sa jan biri ya fi dogara da gudu a kan hawan itace?
3. Wane amfani biri yake samu daga jakar da ke cikin kuncinsa?
4. Me ya sa aka ce mata su ne ginshiƙin garke?
5. Bayyana abin da biran Amboseli suka yi da suka ji kowane kuka daga cikin ukun nan.
6. Ambaci abubuwa uku da ke sa wasu biran Nijeriya raguwa.

Aiki

(a) Rubuta jam'in waɗannan kalmomi: biri, reshe, yatsa, haƙori, itace, gona.
(b) Nemo karin magana ɗaya game da biri a harshenku na gida. Fassara shi zuwa Hausa, ka kuma bayyana wa aji ma'anarsa.
(c) Ku kasu gida biyu ku yi muhawara a kan wannan batu: "Ya kamata a bar manomi ya kashe birin da ya shiga gonarsa."